Max Perutz: Ɗan gudun hijirar da ya shekara 22 yana neman siffar jan jini

A watan Mayun 1940 ƴan sanda suka ɗauke wani matashi ɗan shekara 25 a birnin Kambirij na ƙasar Ingila. Bai yi sata ba, bai taɓa kowa ba, laifinsa kawai takardunsa. An haife shi a Ostiriya, ita kuwa Ostiriya tana hannun Hitler, don haka hukumomin Ingila suka lissafa shi cikin baƙin da ake tsoron su yi wa Jamus leƙen asiri. Ba su duba cewa shi da iyayensa Hitler ɗin ne ya raba su da gida da dukiya ba.

Sunan matashin Max Perutz. Shi ne ya fara nuna wa duniya siffar himogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja, wanda kuma ke ɗaukar iska daga huhu ya kai ta kowane lungu na jiki. Duk gidan da ke da mai fama da amosanin jini, wato sikila, labarin wannan mutum ya shafe shi, domin a ɗakin binciken da ya jagoranta aka gano ainihin inda cutar ta samo tushe.

Daga Viyana zuwa Kambirij

An haifi Max Ferdinand Perutz ranar 19 ga watan Mayun 1914 a Viyana. Iyayensa, Hugo da Adele, masu hali ne, danginsu na da masaƙun tufafi. Asalinsu Yahudawa ne, amma shi an yi masa baftisma a cocin Katolika. Sun so ya karanta shari'a don ya riƙe harkar gida, sai wani malaminsa na sakandare ya sa masa son ilimin sinadarai. Ya shiga jami'ar Viyana a 1932, a 1936 kuma mahaifinsa ya ba shi guzuri ya tafi Kambirij, ya shiga ɗakin bincike na Cavendish ƙarƙashin wani malami mai suna John Desmond Bernal.

Bernal na aiki ne da hasken X, hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda a Nijar aka fi sani da rediyo. Shi ba ƙashi yake dubawa ba. Yana harba hasken ne cikin kiristal, wato abin da ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu kamar na gishiri ko sukari. Idan hasken ya ratsa, sai ya watsu ya bar ɗigogi a jikin fim. Daga tsarin ɗigogin ake lissafo inda kowane atom yake zaune. An riga an yi haka da gishiri tun 1913. A 1934 Bernal da ɗalibarsa Dorothy Crowfoot suka nuna cewa furotin ma, wato sinadaran da ke gudanar da aikin jikin mai rai, yana ba da ɗigogi masu kyau muddin ba a bar kiristal ɗinsa ya bushe ba.

A 1937 Perutz ya ziyarci Felix Haurowitz a birnin Prag, masanin sinadaran jiki da ke auren ƴar uwarsa. Shi ya ba shi shawarar ya gwada himogulobin. Da ya koma Kambirij, wani masani mai suna Gilbert Adair ya ba shi kiristal ɗin himogulobin na jinin doki. Hotunan farko suka fito tas. Gishiri atom iri biyu ne ke maimaita kansu. Himogulobin kuwa yana da atom wajen 10,000 a kowane guda. Masana da yawa na ganin aikin ɓata lokaci ne.

Gida ya rushe

A watan Maris na 1938 sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Aka ƙwace masaƙun, iyayen suka tsere Suwis, daga baya suka iso Ingila ba su da komai. Ɗalibin da jiya ake turo wa kuɗi ya wayi gari shi zai ciyar da uwa da uba. Abin da ya cece shi zuwan Lawrence Bragg, sabon shugaban Cavendish, wanda shi ne tun farko ya ƙirƙiro dabarar karanta kiristal da hasken X tare da mahaifinsa. Bragg ya ga hotunan himogulobin, ya nemo masa tallafi daga gidauniyar Rockefeller ta Amurka, wanda ya fara aiki a farkon 1939.

Ya kammala digirinsa na dakta a 1940, watanni kaɗan kafin a kama shi. An tsare shi a sansanoni daban-daban, har tsibirin Man, sannan aka zuba su cikin jirgin ruwa mai suna Ettrick zuwa Kanada. A farkon watan Yulin nan ne jirgin yaƙin Jamus ya nutsar da wani jirgin, Arandora Star, da ke ɗauke da irinsu, mutum wajen 800 suka mutu. A sansanin da aka kai su kusa da birnin Kebek, Perutz bai zauna yana ƙirga kwanaki ba. Ya tara masu ilimin da ke cikinsu, ya tsara darussa, kowa na koyar da abin da ya sani. Cikin malaman har da Hermann Bondi, wanda daga baya ya yi suna a ilimin sararin samaniya, da Klaus Fuchs, wanda daga baya aka kama da laifin miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirin bam ɗin nukiliya. Abokansa na Ingila suka yi ta kai da kawo har aka sake shi, ya dawo a watan Janairun 1941.

A 1942 ya auri Gisela Peiser, ita ma ƴar gudun hijira daga Jamus, suka haifi mace da namiji, Vivien da Robin. Ƙasar da ta tsare shi kuma sai ga ta tana neman iliminsa. Da yake ya taɓa nazarin ƙanƙarar duwatsun Suwis, aka sa shi cikin wani shiri na asiri mai suna Habakkuk, na gina ƙaton filin saukar jiragen sama a kan teku da ƙanƙarar da aka gauraya da garin katako. Ya yi gwaje-gwajen a ɗakin sanyi da ke ƙarƙashin kasuwar nama ta Smithfield a Landan. Shirin ya watse, amma a dalilinsa ya samu takardar zama ɗan ƙasa a 1943.

Fim, ido da haƙuri

Sai an san kayan aikin wancan zamani za a gane wahalar da ya sha. Injin hasken X ba shi da ƙarfi, abin karɓar hasken kuwa fim ne, irin na masu hoto na da. Hoto guda yana cin awa 2. A dararen yaƙi da ake sa shi kwana a ɗakin binciken don gadin gobara idan Jamus ta yi ruwan bama-bamai, yakan farka bayan kowace awa 2, ya ɗan juya kiristal ɗin, ya wanke fim, ya sa sabo. Bayan nan sai a zauna a auna duhun kowane ɗigo da ido, ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kan dubbai.

Duk da haka akwai wani katanga da haƙuri kaɗai ba ya tsallake shi. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, yana hawa yana sauka. Don a mayar da ɗigogi su zama hoto, dole a san abu biyu game da kowace igiya: ƙarfinta, da kuma matakin da take kai lokacin da ta iso. Fim yana riƙe ƙarfin, ya zubar da matakin. Kamar a faɗa maka ƙarfin bugun kowane makaɗi a taro, a ɓoye maka lokacin da kowa ya buga, sannan a ce ka fitar da kiɗan.

A 1947 hukumar binciken lafiya ta Ingila, MRC, ta buɗe wani ƙaramin sashe a Cavendish mai ma'aikata biyu, Perutz da John Kendrew. A ƙarshen shekarun 1940 Perutz ya fitar da wata siffa da yake zaton ita ce ta himogulobin. Francis Crick, ɗalibin da ya shigo sashen a 1949, ya tashi a gaban jama'a ya nuna cewa siffar kuskure ce, hanyar da ake bi ma ba za ta kai ko'ina ba. Perutz bai kore shi ba, bai riƙe shi a zuciya ba. Ya karɓi gyaran ya sake lale.

Mafita ta zo a 1953. Ya liƙa atom na zaiba, ƙarfen nan mai nauyi da ke gudana kamar ruwa, a wasu wurare biyu na kowane himogulobin, ba tare da kiristal ɗin ya sauya tsari ba. Da ya ɗauki hoto, sai ya ga ɗigogin suna nan inda suke, amma wasu sun ƙara duhu, wasu sun dushe. Tunda ana iya gano inda zaibar take zaune, ta zama kamar makaɗi guda da aka san lokacin bugunsa, a auna sauran da shi. Wannan dabara ita ta buɗe ƙofar gano siffar furotin, kuma shekaru da dama da ita masana suka yi ta aiki a duniya.

Kendrew ne ya fara cin moriyarta. Ya zaɓi miyogulobin, ɗan uwan himogulobin da ke ajiye iska cikin tsoka, wanda girmansa kusan kwata ne na himogulobin, ya buga siffarsa a 1958 da taimakon kwamfutar EDSAC ta jami'ar. A 1959, shekara 22 bayan hoton farko, Perutz ya ga tasa siffar: sarƙoƙi huɗu a naɗe, biyu-biyu iri ɗaya, kowace na rungume da atom guda na ƙarfe inda iska ke kamawa. A 1962 shi da Kendrew suka karɓi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai. A shekarar kuma Crick da James Watson, waɗanda suka gano siffar DNA a sashensa, suka karɓi ta likitanci tare da Maurice Wilkins.

Batun DNA ya bar masa tabo. A farkon 1953 Perutz ne ya miƙa wa Crick wani rahoton MRC da ke ƙunshe da ma'aunan da Rosalind Franklin ta yi a Landan, ba da saninta ba, kuma ma'aunan sun taimaka ƙwarai. Da maganar ta fito fili bayan littafin Watson na 1968, ya sha suka. A 1969 ya rubuta cewa rahoton ba na asiri ba ne, amma ya yarda cewa ladabi ya so ya nemi izinin shugaban ɗakin binciken na Landan tukuna.

Inda amosanin jini ya ɓuya

Tun 1949 Linus Pauling a Amurka ya nuna cewa himogulobin ɗin masu sikila ya bambanta da na sauran mutane idan aka sa su cikin wutar lantarki. Daga nan aka samo gwajin da ake yi yau a asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Kano, wanda ke faɗa wa mutum ko shi AA ne, ko AS, ko SS. A 1950 Perutz da Murdoch Mitchison suka nuna cewa irin wannan himogulobin, da zarar ya saki iska, sai ya dunƙule cikin ƙwayar jini.

A 1956 da 1957, Vernon Ingram, wani ɗan gudun hijirar daga Jamus da ke aiki a sashen Perutz, ya gano ainihin bambancin. Himogulobin sarƙa ce ta ƙananan tubala 574. Biyu daga cikin sarƙoƙin huɗu na da tubali 141 kowace, biyun kuma 146. A masu sikila, tubali na 6 a sarƙa mai 146 ne kaɗai ya sauya. Wanda ke son ruwa ya fita, wanda ke gudun ruwa ya shiga. Wurin ya zama kamar ɗigon ƙaro a jikin sinadarin. Idan iska ta yi ƙaranci, sai himogulobin ya riƙa manne wa ɗan uwansa, su yi dogayen zare, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin nan da ke hana yaro barci, daga tubali guda ya taso. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa sauyin gado guda yana sauya tubali guda a furotin.

A 1968 Perutz da Hermann Lehmann, likitan da ya yi aiki a Yuganda, suka jera ire-iren himogulobin marasa lafiya da aka sani a kan siffar da aka gano, suka bayyana yadda kowane sauyi ke haifar da ciwonsa. A shekarun 1980 ya haɗa kai da Donald Abraham na Amurka wajen neman maganin da zai hana mannewar. Ba su kai ga magani ba. Har yau Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar, Nijar da sauran ƙasashen Sahel ma suna ɗauke da kaso mai nauyi, kuma babban makamin da ke hannun matasa shi ne gwajin jini kafin aure.

Sinadarin da ke numfashi

Tun 1938 Haurowitz ya lura cewa kiristal ɗin himogulobin marar iska yana sauya kama da zarar iska ta shige shi. A farkon shekarun 1960, Hilary Muirhead, ɗalibar Perutz, ta nuna dalili: idan babu iska, sarƙoƙi biyu daga cikin huɗun suna ja da baya daga juna da kimanin angstrom 7. Angstrom guda kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na milimita. Ashe himogulobin ba tulu ba ne da ake zuba iska a ciki. Yana buɗewa yana rufewa da kowane numfashi.

A 1970 Perutz ya bayyana yadda abin ke faruwa. Idan iska ta kama atom ɗin ƙarfe, sai ƙarfen ya ɗan gusa, gusawar da ba ta kai angstrom ɗaya ba, ya janyo sarƙar da ke riƙe da shi, ita kuma ta tsinke ƙullin da ke ɗaure ta da sauran. Shi ya sa idan sarƙa ɗaya ta kama iska, sauran sai su kama cikin sauƙi a huhu, idan ɗaya ta saki a cikin tsoka, sauran ma su bi. An yi shekaru ana gardama da shi a kan wannan bayani, ya yi ta gwaje-gwaje yana kare shi. An yi masa gyare-gyare daga baya, amma ginshiƙinsa na nan a littattafan ɗaliban likita.

Sai dai abin da ke hannunsa hoto biyu ne, na kafin motsi da na bayansa. Abin da ke gudana a tsakani yana ƙarewa cikin ɗan lokacin da fim mai cin awa 2 ba zai taɓa gani ba. Don a ga motsin kansa, sai an samu haske mai tsananin ƙarfi da na'urar karɓa mai sauri.

Wani ɓangare na wannan aiki a gidansa aka fara shi. Sabon ɗakin binciken da ya shugabanta daga 1962 zuwa 1979, LMB, ya ɗauki Uli Arndt, haifaffen Berlin, wanda ya ƙera kyamarar da ke juya kiristal da kanta, ya kuma yi shekaru yana haɗa na'urar karɓar hasken X mai aiki irin na kyamarar talabijin don ta maye gurbin fim. A 1971 Ken Holmes, tsohon ma'aikacin LMB, da abokan aikinsa a Hamburg suka nuna cewa hasken da ke fitowa daga sinkirotiron, ƙaton zoben da ake gudanar da ƙwayoyin lantarki a cikinsa, ya fi na injin ɗakin bincike nesa ba kusa ba.

Perutz na da shekara 82 a 1996 lokacin da ƙungiyar Keith Moffat ta jami'ar Shikago ta yi abin da ya daɗe ana jira, a sinkirotiron ɗin Turai da ke Grenoble a Faransa. Sun ɗauki kiristal ɗin miyogulobin mai riƙe da iskar gawayi, suka tsinke ta da walƙiyar leza, suka bi ta da walƙiyar hasken X bayan ƴan nanodaƙiƙa, wato kashi kaɗan cikin miliyar ɗaya na daƙiƙa. Da suka yi ta sauya tazarar suna jera hotunan, sai ga fim ɗin furotin yana motsi. A 2003 aka rage tazarar zuwa pikodaƙiƙa 150.

A waɗancan gwaje-gwaje gajartar walƙiyar ce ke ba da saurin, na'urar karɓa kuwa tana jan ƙafa tsakanin hoto da hoto. Bayan rasuwarsa aka toshe wannan giɓi. Cibiyar Paul Scherrer ta Suwis ta ƙera PILATUS, na'urar da kowane ɗigo a fuskarta ke da nasa lantarkin da ke ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya, ta kuma miƙa hoto cikin ƴan kashi dubu na daƙiƙa. A cibiyar European XFEL da aka buɗe kusa da Hamburg a 2017, injin na iya harba walƙiya 27,000 a daƙiƙa guda, na'urar AGIPD kuma tana kama hotunan da tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan 4 na daƙiƙa ba. Da irin waɗannan ake kallon yadda magani ke shiga furotin ya kama. Nahiyar Afirka, inda sikila ta fi yawa, har yanzu ba ta da sinkirotiron ko guda. Masananta sai sun ɗauki kiristal ɗinsu zuwa Turai ko Amurka.

Ƙarshen tafiya

Waɗanda suka yi aiki da shi sun fi tuna yadda ya riƙe mutane. Bai cika LMB da ofisoshi da takardu ba. Yakan ɗauki matashi mai basira, ya ba shi kayan aiki, ya ƙyale shi. Ya dage a yi ɗakin cin abinci a saman ginin, matarsa Gisela ta kula da shi shekaru masu yawa, inda ɗalibi da mai kyautar Nobel ke zama teburi ɗaya. Kowa da sunansa yake kiransa, Max. An ba shi sarautar Sir ya ƙi karɓa, don kada ta shiga tsakaninsa da matasan. Ayyukan da aka yi a wannan ɗaki sun jawo kyautar Nobel fiye da goma.

Lafiya ba ta ishe shi ba. Cikinsa ba ya karɓar alkama, ciwon baya kuma kan sa shi sauraron lacca a tsaye. Bayan ya sauka daga shugabanci bai bar teburin gwaji ba. Ya rubuta littattafai don mutanen da ba masana ba, ya tsaya wa masana da ake zalunta a ƙasashensu, a shekarunsa na ƙarshe kuma ya koma nazarin cutar Huntington, wata cutar gado da ke lalata ƙwaƙwalwa, inda nan ma furotin ne ke dunƙulewa. Ciwon daji ya kama shi, amma ya kammala rubutunsa na ƙarshe kafin ya kwanta, aka buga bayan ransa.

Max Perutz ya rasu a Kambirij ranar 6 ga watan Fabrairun 2002 yana da shekara 87. An binne tokarsa a wata maƙabarta ta birnin, wuri ɗaya da Hugo da Adele, iyayen da ya karɓa hannu wofi a ƙasar da ba tasu ba. Viyana, garin da aka kori danginsa, yau tana da babbar cibiyar binciken halittu mai ɗauke da sunansa.